Tukubar Baba

Shekarar da mijina ya rasu na koma gidanmu da goyo a baya, sai na tarar da aikin yaji yana jirana. Ƙafafun Inna sun fara ciwo, tsayuwa a gaban turmi ta soma fin ƙarfinta, don haka ni na karɓi taɓarya. Mahaifina mahauci ne, tsire yake yi, kuma ba ya yarda ƙulin waje ya taɓa namansa ko da kyauta aka kawo masa. A gida ake soya gyaɗa, a kai niƙa, a matse mai, a soya ƙuli, sannan a daka shi da citta da barkono da masoro da kanumfari. Kullum da hantsi ni ke ɗaukar ƙwaryar yajin in kai masa bakin titi. Da yake na gama takaba ba mai tsare ni a gida, shi ya sa idona ya ga abin nan tun daga farkonsa.

A tsakiyar gari tukubarsa take, daf da kwalta. Tudun toka ne kewayayye, da ramin wuta a tsakiya, ana kafa tsinkunan nama a gefe suna ɗan rusunawa wajen garwashi. Kakan Baba ne ya fara ta. Duk ranar da aka tashi aiki sai a tara tokar ranar a kan ta jiya, a yayyafa ruwa, a shafe da tafin hannu. A haka ta yi ta hawa, lokacin da nake magana ta wuce gwiwar babban mutum, ta yi tauri kamar katanga. Baba yakan ce daɗin tsirensa ba a hannunsa yake ba, a jikin tokar nan yake, don kitsen da ta sha tun kafin a haife shi yana nan a ciki. Ni dai nakan ce masa ai yajina ne, sai ya yi dariya ya ce, to Uwata, an ji. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana.

Titin da ya ratsa garinmu shi ne hanyar motocin hatsi masu zuwa Dawanau daga ƙauyukan arewa da mu. Gingimari da akori-kura da ƙananan motocin fasinja duk a nan suke tsayawa, saboda ga masallaci, ga rijiya, ga abinci. Hagun Baba mai shayi ne. Damarsa rumfar wata mai tuwo ce, Kirista daga unguwar da ke bayan rafi, wadda iyayenta Maguzawa ne, mace mai faɗa da iya miyar kuka. Gaba kaɗan ga mai facin taya, ga ɗan kantin magani. Ni kuwa a lokacin na tsani wurin. Hayaƙin baƙin mai, ƙarar injin, ga yaran mota da ba sa ganin bazawara su yi shiru. Sau da yawa nakan dire ƙwaryar in juya ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Shekarun nan masu wuya ne. Ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba, soja ke mulki, ana bin layi a kan sabulu da gishiri. Gidaje da yawa rama da tafasa ake dafawa a barbaɗa ɗan garin rogo a kira shi abinci. Amma Baba bai fasa yanka ba, domin matafiyi ko gari ya ƙone sai ya ci wani abu. Tukubar nan ce ta riƙe gidanmu, ni da ɗana da Inna da ƙannena, alhali gonarmu ba ta ba mu abin da zai kai mu tsakiyar rani ba.

Wata ranar kasuwa birkin wata gingimari ya tsinke. Ta gangaro da buhuna a kanta ta daki zauren da ke kallon masallaci, ta danne wani tsoho mai sayar da goro. Kowa ya san shi, kowa ya taɓa cin goronsa. Garin ya yi kwanaki ba a magana da ƙarfi. Bayan sadakar bakwai sai ga kantoma ya zo da kansa, aka tara mutane a ƙofar gidan dagaci. Ya ce za a fitar da hanya ta bayan gari, a yi sabuwar tasha a can, tsakiyar gari kuwa ta zama ta masu tafiya a ƙasa kaɗai. Ya ce ya ga irin haka a ƙasashen da ya je, wai idan mota ta bar wuri mutane ke cika shi, masu kanti da masu abinci su rasa hannun karɓar ciniki. Ba mugun mutum ba ne, har idonsa ya ciko da ya ambaci tsohon. Baba yana cikin waɗanda suka fara cewa madalla. Ya dawo gida yana murna, wai daga yau namansa ya huta da shan hayaƙi.

Ba a jima ba aka kawo manyan gangunan mai aka cika su da siminti, aka jera a bakin titin ta gabas da ta yamma. Aka ƙara dasa darbejiya kusa da tsofaffin da ke wurin, aka zuba bencinan siminti a jere, wasu ma daidai gaban tukubar Baba. Motoci suka koma zagayawa ta baya.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin farko wurin ya yi kyau. Yara suka sami filin langa, tsofaffi suka sami wurin zama, mata masu wucewa unguwa suka daina tafiya suna waige. A karo na farko na ji kiran salla daga ƙauyen da ke gaba da mu ina tsaye a tsakiyar gari. Maganar kantoma ta tabbata, mutane sun cika wurin. Baba ya yanka ragonsa kamar kullum, ya jera tsire ya zagaye tukuba, ƙamshi ya tashi. Aka zauna a bencina ana ta gaishe shi, ana sa masa albarka, ana yaba yadda kitse ke ɗiga. Har la'asar ta yi sanyi bai sayar da abin kirki ba.

Abin da kantoma bai sani ba, mu kuma da muka sani ba mu tuna ba, shi ne a garinmu magidanci ba ya cin nama a kan titi. Ko a shekarar wadata abin kunya ne, balle a shekarar da maƙwabcinka ya san iyalinka rama suka kwana da ita. Surukinka na iya wucewa. Wanda ya ba ka aron iri na iya ganinka. Kafin ka isa gida labari ya riga ka, wai wane yana can yana cin tsire 'ya'yansa na lasar tukunya. Baƙo ne kawai ke tsayawa ya ci a fili ya goge baki, don ba wanda ya san gidansu.

Ba wai 'yan gari ba sa saye ba ne a da. Suna saye, amma motocin nan ne labulensu. Gingimari ta tsaya ta kare tukuba daga idon masallaci, sai ka ga mutum ya ɓullo ta bayanta kamar mai neman direba, ya yi wa Baba magana ƙasa-ƙasa, a naɗe masa a takardar siminti, ya zura a aljihun babbar riga ya ɓace. Akwai wani malamin firamare da duk ƙarshen wata sai ya zo haka, yana kai wa matarsa mai ciki. Bayan an tare hanya na sha ganinsa ya taho, ya rage tafiya, ya dubi bencina cike da dattawa, sai ya ɗaga hannu ya ce sannu da aiki ya wuce. Baba yakan bi shi da ido har ya sha kwana.

Mutum ɗaya na gani ya yi ƙarfin hali, wani manomin rake da ya sayar da kayansa. Ya sayi tsinke biyu a gaban kowa. To, wa zai ci abu a gaban mutane bai ce bisimilla ba? Ya juya ya ce bisimilla, don fita haƙƙi kawai. A shekarar ƙoshi da an ce masa alhamdu lillahi, a ci lafiya. A shekarar nan kuwa hannuwa suka miƙo, kowa yana cewa ɗan kaɗan dai saboda albarka. Bawan Allah ya tsaya da tsinke tsirara a hannu, ya lashi yajin da ya maƙale a yatsansa, ya tafi. Da abin dariya ne da na yi, amma ranar na gane mun shiga uku. Tun daga nan ko mai kuɗi a aljihu bai ƙara gigin saye ba.

Shi kuma Baba da nasa halin. Al'adarsu ce ta mahauta, dattijo ya zauna kusa da tukubarka ba ka barinsa ya tashi bakinsa a bushe, sai ka yanko masa ɗan wani abu. Da can dattijo ɗaya ne ko biyu a yini. Yanzu gwamnati ta gina musu wurin zama a gabansa. Ya yanka wa wannan, ya ga idon wancan, ya yanka masa. Nakan tsaya da ƙwarya a hannu raina na tafasa. Wata rana na ce masa a hankali, Baba, sadaka muka buɗe ne? Ya dube ni ya ce, wanda na ba yanzu shi ya riƙe ragon sunanki. Na dire ƙwaryar na juya gida, amma ban huce ba.

Abin da ya rage kullum gida yake dawowa, don nama ba ya kwana biyu. Ƙannena suka yi ta murna a makon farko. Mu ne gidan da ake cin nama safe da yamma a garin da ake cin ganye, kuma mu ne rumbunmu ya fi na kowa zama fayau. Inna takan karɓi tiren ta ajiye. Har yanzu idan na ji ƙamshin tsiren da ya huce aka sake ɗumama shi, barin wurin nake yi. Daga rago Baba ya koma akuya. Daga akuya ya koma haɗa kai da wani mahauci su raba ɗaya. Daga baya cinya guda yake karɓowa, ya yanka ta sirara-sirara don tsinkunan su yi yawa a ido, amma duk da haka rabin tukubar a buɗe take.

Mai faci ne ya fara tashi, don shi ba shi da abin jira. Mai shayi ya bi shi, ya ɗora teburinsa a kan amalanke. Mai kantin magani ya sa kwaɗo ya koma birni. Mai tuwo ta fi kowa daɗewa, tana rage tukunya tana zagin duk wanda ya kawo shawarar gangunan nan. Ranar da ita ma ta kwashe duwatsun murhunta, ta zo ta tsaya gaban Baba da muciya a hannu.

"Baba, ka taso mu tafi. Direbobinka suna can suna tambayarka. Waɗannan da ke zaune har tashin duniya ƙamshi kawai za su saya."

Ya ce mata ta je, Allah ya ba da sa'a, shi yana nan tafe. Ta dube ni, na dube ta. Mu biyun mun san ba ya tafe.

Wuraren da suka bari ba su zauna haka ba. Wani tela ya shiga rumfar mai shayi, aikinsa duk facin tsofaffin riguna ne, ba mai ɗinka sabo. Wani ya baza gwanjo a inda ake faci. A gurbin mai tuwo 'yan mata suka jera kwanonin kwaɗon rama da zogale, wannan kam ana saye a fili, don ba a jin kunyar cin abin talauci. Kantin magani wani Alhaji ya kama ya zuba buhunan hatsi ya kulle yana jiran tsada. Tsakiyar garinmu ta zama wuri mai tsabta, mai inuwa, mai yawan gaisuwa, wanda in ka zaga shi kaf ba za ka sami abin da zai riƙe cikinka zuwa yamma ba.

A gida muka yi faɗa ni da Baba, irin faɗan da 'ya ke iya yi da uba, ina durƙushe amma bakina bai durƙusa ba. Na ce ya koma tasha. Na ce toka ce fa, ko'ina aka hura wuta za a same ta. Na ce ɗana ya fara ramewa, Inna ta sayar da tasoshinta na aure, shi kuma yana gadin tudu. Ya bar ni na gama tas.

"Uwata, a kan tokar nan ubana ya koya mini riƙon wuƙa. Shi ma a kanta aka koya masa. In na tashi, wa zan ce wa ya ɗauko mini ita?"

Na ce ba a ɗauko ta, barinta ake yi. Inna ta daka mini tsawa, na fita.

Sai ya yi dabara. Ya sayo zana ya kewaye tukubar, ya bar 'yar ƙofa ta gefe, wai mai saye ya shiga ya fito ba a gan shi ba. Dabarar ta ƙara ɓata lamari. Da can mutum na iya cewa gaisuwa ya tsaya yi. Yanzu duk wanda ya sunkuya ya shiga zanar nan, bencina gaba ɗaya sun san abin da ya kai shi, har ana jiran fitowarsa a ga ko aljihu ya kumbura. Ba a yi nisa ba ma duba-gari ya zo ya ce zanar ta ɓata tsarin wuri, a cire. Baba ya naɗe ta da hannunsa ya kawo gida, muka gyara banɗaki da ita.

Da rani ya yi tsakiya, ranar da aka wayi gari ba ko tsabar da za a yi kunu, ya ce in ɗauko yaji in biyo shi. Muka bi ta bayan gari har sabuwar tasha. Fili ne fetal, ba itace ko ɗaya, jar ƙasa da rumfunan kwano. Amma ga motoci, ga hayaniya, ga mai tuwo tana kwasa ba ji ba gani. Direbobi suka taso suka kewaye Baba, wannan ya kama hannu, wancan ya ce ina ka shiga. Na ga fuskarsa ta saki, abin da na daɗe ban gani ba.

Akwai mai tsire a wurin, kuma ba baƙo ba ne. Wani ne da ya girma a hannun Baba, ya koyi sana'a a wurinsa, ya yi aure ya ware. Yana ganinmu ya durƙusa har ƙasa. Ya ce wurin nan na Baba ne, ya zo ya zauna, shi ya koma yi masa hidima kamar da. Da gaske yake, ba na baki ba. Sai dai ba tukuba a tashar. An hana hura wuta a ƙasa saboda masu sayar da fetur a galan da ke gefe. Rabin ganga ake kafawa a kan ƙafafun ƙarfe, a ɗora waya, a shimfiɗa nama a kai.

Baba ya gwada, wannan zan shaide shi. Ya yi kwanaki yana zuwa. Amma gashin tukuba na haƙuri ne, wuta na gefe, nama na nuna a hankali, mai shi yana zaune yana juya tsinke yana hira. Gashin waya kuwa wuta na ƙasa kai tsaye, a tsaye ake yi, ka kau da ido kaɗan ya ƙone. Su ma direbobin sun canja. Sabuwar hanya ta miƙe, ba sa kashe mota, ta taga suke miƙo hannu suna cewa a yi sauri. Baba ya ba wannan ɗanye, ya ba wancan ƙonanne. Ba wanda ya yi masa magana, saboda girmansa. Sai dai na lura in suka zo sukan gaishe shi da kyau, sannan su yi wa yaron nasa ido, shi ya zaɓa musu. Shi ma Baba ya lura. Wata rana ina tsaye wani direba da suka yi shekaru tare ya sayi tsire a hannun yaron, ya juyo ya miƙa wa Baba ya ce ya taɓa. Baba ya karɓa ya yi godiya, ya riƙe a hannu har muka iso gida, ya ba ɗana. Bai sake komawa tasha ba.

Ya ci gaba da fita tsakiyar gari, amma ba kullum yake hura wuta ba. Wani lokaci zama kawai yake yi a gefen tukubar, yana cire 'yan ciyayin da suka fara tsirowa a tsagunta. Ni kuma na koma yin ƙuli ina aika wa mai tuwo ta sayar mini a tasha, da shi muke ɗan rufa wa kanmu asiri. Duk da haka kowace safiya sai na ware masa nasa yajin a ƙwarya, ko zai ce a kawo.

Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. A ƙasarmu gona ba ta hutawa, gida na jikin gida, gona na jikin gona, in ba ka zuba mata taki ba ba za ta ba ka komai ba. Takin zamani a shekarar sai mai hanya. Na gida kuwa daga dabbobi yake fitowa, mu kuma mun sayar da namu tun tuni. Kowa na ta kai mangala gona, har sharar tsakar gida da tokar murhu ba a bari. Gonarmu tana nan fari fat. Ina ganin Baba yana zuwa ya tsaya a bakinta ya dawo.

Wata safiya bayan an karya da ruwan zafi ya ce in je gidan maƙwabcinmu in aro jaki da mangala, in same shi a bakin titi. Ban tambaye shi ba. Da na iso na tarar da shi tsaye da diga a hannu, ya tuɓe riga ya rataye a reshen darbejiya. Bencina sun fara cika. Na yi zaton zai jira wuri ya watse, amma bai jira ba. Ya yi bisimilla ya ɗaga digar.

Tokar ta ƙi fashewa da farko, digar na tsalle. Da ta tsage sai ta riƙa ɓallowa gunduwa-gunduwa, wani tsohon ƙamshin kitse ya tashi. Daga ciki hawa-hawa take. Ta sama baƙa-baƙa ce, ta kara da ƙiraren da yake ƙonawa a shekarun nan da itace ya yi wuya. Ta ƙasa da ita ta fi haske. Can ƙasa kuwa fara ce sol, mai laushi. Ya tsuguna ya ɗebo ta a tafin hannu ya murza.

"Wannan ta itacen ƙirya ce," ya ce da ni. "Lokacin kakana akwai daji a nan."

Ni da na ce masa toka ce kawai, na kasa ɗaga ido. Kuka ya zo mini, na juya ina gyara igiyar mangalar da ba abin da ya same ta.

Mutanen da ke bencina suka matso kusa. Sai wani ya tashi ya karɓi digar ya ce Baba ya huta. Wani ya aika gida aka kawo shebur. Wani ya kawo nasa jakin. Kafin rana ta take abin ya zama gayya, ana sara, ana lodi, ana sannu-sannu, har malamin firamaren nan ya naɗe hannun riga ya shiga. Ban taɓa ganin taro a gaban tukubar Baba kamar na ranar ba. Haushi ya kama ni har wuya. Wata da watanni suna zaune suna kallonsa yana nutsewa, yau da za a tona ga hannu ya yi yawa. Amma kuma na san ba mugunta ba ce. Wannan ne kaɗai abin da za su iya yi masa a gaban jama'a ba tare da an kai labari gidajensu ba.

Da aka kusa gamawa wani dattijo ya matso ya ce, in da hali a ɗan sam masa ko ƙwarya ɗaya ce, yana da 'yan kunyoyin albasa a bakin rafi. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya riga ni. Ya ce a ɗiba masa. Wani ma ya roƙa, aka ɗiba masa. Abin da ya isa gonarmu bai rufe rabinta ba.

Da la'asar wurin ya zama fili, sai wani baƙin da'ira a ƙasa. Duba-gari ya wuce ya tsaya ya duba, ya ce madalla, wuri ya ƙara faɗi. Baba ya sa rigarsa, ya mayar da digar inda ya aro, muka taho gida yana gaba ina baya da jaki. Bai waiwaya ba.

A tsakar gida ya zauna a kan turmin da ke kife, Inna ta kawo masa ruwa ya wanke hannu da ƙafa, ruwan ya koma fari. Ya daɗe yana kallonsa yana bin ƙasa. Sannan ya kira ni.

"Uwata, daga gobe kada ki ƙara ware mini yaji."

Na ce masa na yau ma yana nan, na riga na daka tun da safe.

Ya ce in kai wa yaron nan na tasha, in ce masa ya rage wuta.